Wata Uku Ne, Likita

Jigida ce ta faɗi. Ina zaune bakin murhu ina tankaɗen garin dawa, sai na ji 'yar ƙara a bayana, kamar an watsa tsabar wake a kan daɓe. Na waiwaya. 'Yata ta fari ce tsaye a ƙofar ɗakin kakarta, ta tashi daga barcin rana, jigidar ta zame daga ƙugunta ta sauka a kan ƙafafunta. Ba tsinkewa ta yi ba, ƙullin yana nan yadda aka yi shi. Ta cire ƙafa ɗaya, ta cire ɗayar, ta ɗauka ta koma ciki. Na ji tana cewa, "Inna, ga ta ta sake faɗuwa."

Na mayar da kaina kan rariya na ci gaba da aikina. Abin da ake so in yi ke nan, shi kuma na yi. Amma na san ko sati uku ba a yi ba da Inna ta rage zaren jigidar nan, don a gabana ta zare duwatsu ta zuba a ƙoƙo.

A Sara muke a lokacin, a gidan iyayen maigidana, shekara biyu ko uku bayan an daina fam da sule an koma naira da kwabo. Shi malamin firamare ne a Zandam. Shekarar ce malamai suka yi ta sayen babura, shi ma ya sayi nasa, yana tafiya Lahadi da yamma ya dawo Juma'a. Mahaifinsa ya rasu tun kafin a kawo ni, saboda haka gidan na Inna ne, mahaifiyarsa. Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya. Fillancin ya tafi, sai gaisuwa da sunayen shanu, amma kunya tana nan ba abin da ya taɓa ta. Mu ma a Birnin Kudu, inda aka haife ni, ana kunyar ɗan fari, sai dai tamu ba ta kama ƙafar tasu ba. A gidan nan uwa ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta yi mata wasa, ba ta tambayar ko ta ci abinci. In yarinya ta faɗi ta fasa baki, uwar kau da kai take yi ta jira wani ya ɗaga ta. Tawa kuma sunan Inna aka sa mata, sai kunyar ta zama biyu. Ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, daga nan gadonsu ɗaya, ƙwaryar furarsu ɗaya. A wajen yarinyar, Inna ce uwa. Ni kuwa Adda take ce mini, kamar wata yayarta, kuma shekara huɗu maganar da ke shiga tsakaninmu ba ta wuce "ke, kai wa Inna ruwa" ba.

Kada a ɗauka kuka nake yi da wannan. Inna ta riƙe yarinyar nan riƙon da ni ban isa in yi ba. Man shanun farko nata ne, kitsonta duk sati, in ta yi mafarki ta farka a jikin Inna take lafewa. Ni ma a lokacin alfahari nake yi da kunyata. Na yi makarantar 'yan mata a Kano har na gama sakandare, kuma da aka kawo ni matan unguwa sun zuba ido su ga 'yar boko ta yi rashin ta ido. Sai na fi kowa kau da kai. Har yabona ake yi a wajen suna da biki.

Sai dai ni nake wanki, ni nake girki, ni nake shara. Ko ban tambaya ba ina gani. Zanen da yarinyar ke kwana da shi kullum a jiƙe nake ɗaukarsa da safe, alhali damina ce, gari da sanyi-sanyi. Na shinshina, ba fitsari ba ne, gumi ne. Kwanon tuwonta yana dawowa an ɗan taɓa gefe ɗaya, wani lokacin Inna ta juye wa kaji kafin in gani. Da la'asar ta bar ƙawayenta suna wasan carafke ta je ta jingina da turmi, idanunta suna ƙyalli, leɓenta a bushe. Tun satin da aka yi shukar gero abin ya fara, ga shi gero har ya fid da kai.

Sa'an nan akwai gwangwanin. Inna tana da tari wanda ya fi shekara. Wani lokacin ta ce hayaƙin kara ne, wani lokacin ta ce goro ne ya sarƙe ta. Tana ajiye tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, a zuba masa toka tana tofa kaki a ciki, ni nake zubarwa kowace safiya in sauya tokar. Sau biyu na ga jini a ciki, siriri kamar jan zare. Na rufe da toka na kai bayan gida. A makaranta malamarmu ta kiwon lafiya ta taɓa zana mana huhu a allo ta jera alamomi, mun haddace saboda jarrabawa. Na san sunan abin da nake tsoro, amma ko a zuciyata ban yarda na faɗe shi ba. A wajenmu tarin fuka ba ciwo ne kawai ba. Cewa ake yi gado ne, jini yake bi. Gidan da aka ce akwai shi sai a daina shan ruwa da moɗarsu, mai neman aure kuma ya sake shawara.

Sau biyu Inna ta kai ta ɗakin shan magani a Gwaram. Ni ban je ba, uwa ba ta raka 'yar fari wajen magani. Malamin ɗakin maganin ya tambaya, Inna ta ce zazzaɓi ne, ga lokacin sauro, ya ba da ƙwayoyin nan masu ɗaci. Ba ni ganin laifinsa, abin da aka gaya masa ya yi wa magani. A zuwa na biyu ma shi ya ce in bai sauka ba a wuce babban asibiti. A gida an yi jiƙo, an yi sirace da ganyen darbejiya, an sha rubutu. Zazzaɓin ya lafa kwana biyu ya dawo.

Wata Juma'a na kai wa Malam, wato maigidana, abinci, na tsaya ina gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara.

"Malam, yarinyar Inna fa ta rame."

Bai ɗago ba. Shi ma 'yar farinsa ce, kunyar da ke kaina tana kansa. "Inna ta fi mu sanin ta," ya ce.

"Haka ne."

Na yi sati ina kai kukana wajen Allah bayan kowace salla. Abin da ya zo mini shi ne dabara. Ina da goyo a lokacin, 'yar wata biyar, ba a taɓa kai ta awo ba. Da Malam ya sake dawowa na ce ya kamata a kai jaririya Birnin Kudu a auna ta a yi mata allurar riga-kafi, in kuma gaida iyayena. Na ƙara da cewa, tunda mota ɗaya ce, ko Inna za ta so ta zo da 'yarta. Ya dube ni, wannan karon sosai, ya ce zai yi mata magana.

Ranar da muka tafi an fara yankan gero. Malam ya karɓi kati ya miƙa wa Inna, ya koma gindin bishiya wajen maza. Muka yi layi a baranda har rana ta ɗaga. Da aka kira mu Inna ta shiga ta zauna a kujera da yarinyar a cinyarta, ni na tsaya bakin ƙofa da goyona, ina riƙe da ƙullin kayansu.

Likitan ɗan ƙasar Masar ne, mai saje, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "buɗe baki" ba. Mai yi masa fassara wata nas ce mai jiki, wadda bakinta ba ya hutawa. Kowa Sista yake ce mata.

"Wace ce uwar yarinya?" in ji Sista.

"Ga ni," in ji Inna.

"Haba Inna, da wannan furfurar? Wadda ta yi naƙudar nake tambaya."

"Wadda ta yi naƙuda ta gama nata aikin shekara shida ke nan. Tambaye ni."

Sista ta waiwayo ta ƙare mini kallo. "'Yar fari ce ko? Ai na gani, kin tsaya kamar wadda ta rako maƙwabciya. Ku mutanen Sara sai gwamnati ta gina muku naku asibitin daban, na masu kunya." Inna ta yi dariya, ni na sunkuyar da kai.

Aka fara tambaya. Kwana nawa da zazzaɓin? Inna ta ce yau kwana uku. Ba ƙarya ta yi ba. A lissafinta kowane zazzaɓi daban yake, na baya ya zo an ba shi magani ya tafi, wannan sabo ne. Tana cin abinci? Tana ci, alhamdu lillahi. A wajen Inna, ka ce jikarka ba ta cin abinci kamar ka ce ba ka iya riƙo ba ne. Akwai mai tari a gida? Lafiya lau muke, in ji Inna, ta kai gefen mayafi bakinta. Ina kallon kafaɗunta suna motsi tana haɗiye tarin.

Likita ya sa abin sauraronsa a ƙirjin yarinyar da bayanta. Ya leƙa idonta, ya danna cikinta, ya daɗe yana lalubar wata kaluluwa a gefen wuyanta. Sa'an nan ya yi wa Sista magana da Turanci, ba tare da ya san akwai mai ji a bakin ƙofa ba. Ya ce ramar nan ba ta yi masa ba, kaluluwar ma haka. Amma zazzaɓin kwana uku a damina, yarinya tana ci, ba kowa da ciwo a gida, to bari a ɗebi jini a duba na sauro, a ba ta maganin tsutsar ciki, su dawo bayan sati biyu ya sake gani. Ya jawo katin ya fara rubutu.

Na san ba za a dawo bayan sati biyu ba. Ga girbi, ga gyaɗa tana jiran cira, kuma Inna za ta ce ai an je babban asibitin ma an ce ba komai. Ina jin ƙarar alƙalaminsa a kan katin. Turancin da na ajiye shekara bakwai ban taɓa ba, shi ya zo mini, wataƙila don na san Inna ba za ta ji ba.

"Likita," na ce, "wata uku ne."

Ya ɗago yana neman inda muryar ta fito. Ya ajiye alƙalamin, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ta fuskance ni, ya ce in matso. Bai tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru tun farko ba. Tambayoyinsa gajeru ne, ɗaya bayan ɗaya. Da wane lokaci jikin yake zafi? Na ce da la'asar. Tana gumi in ta kwanta? Na gaya masa zancen zane. Ramar fa, tun yaushe? Na gaya masa an rage zaren ƙugunta sau biyu. Tana wasa? Da wa take kwana? Na nuna Inna da ido. Ya ce, ita tsohuwar tana tari? A nan na tsaya. Ya jira, bai matsa mini ba. Na gaya masa shekara guda, na gaya masa gwangwani, na gaya masa jinin.

"Me take cewa?" in ji Inna.

"Gaisawa suke yi, Inna, 'yan boko ne sun haɗu," in ji Sista, tana son ta rufa mini asiri.

Da na bar shi a haka da ya wuce. Amma na ji ba zan iya tsayawa salla da wannan a wuyana ba, in yi maganar tsohuwa a gabanta da harshen da ba ta ji, kuma a ce mata gaisuwa ce. Na durƙusa gefen kujerarta da goyona, na maimaita mata duk abin da na faɗa da Hausa, ban rage komai ba. Yarinyar tana cinyarta tana kallona, don ba ta taɓa jin na yi doguwar magana haka a kusa da ita ba.

Inna ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Ashe ƙirga mana loma kike yi." Ta ƙara da cewa, "Har gwangwanina kin kai wa Balarabe. Ni na ɗauka 'yar mutunci aka kawo mini."

Likita ya nemi a fassara masa. Da ya ji, ya ce wa Sista ta gaya wa Inna cewa abin da yake sawa a kunne na yau kaɗai yake ji. Abin da ya faru wata uku da suka wuce sai wanda ya gani ya ba shi labari, in ba haka ba zai yi wa wani ciwon magani ya bar wanda ya kawo su. Ya soke abin da ya fara rubutawa.

A ranar aka ɗauki hoton ƙirjin yarinyar. Aka yi mata wata 'yar allura a fatar hannu, Sista ta zagaye wurin da biro ta ce kada a sosa, a dawo bayan kwana uku. Jaririyar ma aka duba ta, ni da Malam aka saurari ƙirjinmu. Inna aka miƙa mata ɗan kwano mai murfi ta tofa kakin safe a ciki ta kawo. Ta mayar da hannayenta cikin mayafi.

"A zuriyarmu babu wannan ciwon. Ubana har ya tsufa yana bin shanu zuwa Dingaya a ƙafa. Ku ba masu shi."

Kwana ukun nan a gidan iyayena muka yi su, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. In na kai wa Inna abinci sai ta ce wa bango an gode. Mahaifiyata da ta ji abin da ya faru ta ja ni ɗaki ta ce, ko da gaskiyata, ai da na bari mun fito na sami nas ɗin a gefe. Na ce kafin mu fito an gama rubuta katin. Malam bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya tafi Zandam ya nemi izini ya dawo.

Rana ta uku wurin allurar ya kumbura, ya yi ja ya yi tauri kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata. Likita ya auna faɗinsa da ɗan ma'auni. Ya ɗaga hoton ƙirjin a jikin taga, ya nuna mini wani farin gajimare a tsakiya, kusa da inda huhun biyu suka haɗu. Ya faɗi sunan ciwon, Sista ta faɗe shi da Hausa. Ta ce yana da magani, kuma an zo da sauran lokaci.

Inna ta daɗe tana shafa hannun yarinyar a gefen kumburin. Sa'an nan ta tambaya, ba likita ba, Sista.

"Yaro ƙarami daga ina yake samunsa?"

Sista ta bar wasa. "Daga numfashin babba, Inna. Wanda yake kwana kusa da shi yana tari. Ba jini yake bi ba, ba gado ba ne. Ko Bature ya kwana a ɗakin zai iya ɗauka."

"In an ba ta magani ta warke, ta koma ɗakin fa?"

"Sai ta sake ɗauka."

Inna ta fito da hannunta daga mayafi. "Ba ni ɗan kwanon naku."

Safiya uku tana kaiwa. Da sakamakon ya fito, Sista ta ja ni ɗakin gwaji ta ce tunda na yi boko in zo in ga abin da ya raba ni da surukata. Mai gwajin ya matsa mini na sa ido a madubin da ake duba ƙwayoyin cuta da shi. Da farko shuɗi kawai nake gani. Da ya murɗa wani abu sai ga su, 'yan guntaye ja, sirara, wasu a karkace, a warwatse kamar an karkaɗe tsumman ɗinki. Na yi ta mamakin ikon Allah, a ce abin da bai kai ƙurar gari ba shi ya cinye naman yarinya.

Na sami Inna a kan benci a baranda, an riga an gaya mata. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ni na ba ta ke nan," ta ce.

"Ke ba ki sani ba, Inna. Ni da na sani wata uku na yi ina kallo."

Sai ta ce, "Tashi ki je. Yarinyar tana can ita kaɗai, kuma ba ta son baƙin fuska."

Aka ba su gado su biyu. Inna a ɗakin masu tari, can ƙarshen asibitin inda tagogi ba a rufe su, yarinyar a ɗakin yara. Dole wani ya zauna da ita, kuma wadda ta saba zama da ita tana kwance. Haka jinyar ta faɗo kaina. Jaririyar aka yi mata riga-kafi, mahaifiyata ta riƙe ta tana kawo mini ita shan nono.

Abin kunya ne in faɗa, amma ban san 'yata ba. Ranar farko da zan yi mata wanka ta riƙe zanenta ta ce Inna ce take yi mata. Ban san ba ta cin kuɓewa ba, shekara huɗu ina zuba mata. Ban san sai ta kama kunnen mutum take yin barci ba. Ban san tana da surutu ba, kuma mai ban dariya, tana kwaikwayon tafiyar Sista har matan ɗakin su riƙe ciki. Kwanakin farko in za ta yi mini magana sai ta kalli ƙafar gado.

Kowace safiya akwai allura a ɗuwawu, ga ƙwayoyi. Ana tafasa sirinji da allurai a wata tukunyar ƙarfe a kan risho, da ta ji ƙarar murfin sai ta fara kuka. Sista ta ce in riƙe ta. Na kifa ta a cinyata na danne ƙafafunta, ina jin ƙasusuwanta kamar na tsuntsu, tana kiran Inna, ni ina karanta duk abin da ya zo bakina. Yau dama, gobe hagu. Bayan sati biyu ta daina kiran Inna, ta koma cusa fuskarta a cikina tana cizon zanena. Duk sati likita yana cire agogon hannunsa ya kai kusa da kunnenta, ya ce ta ɗaga yatsa in ta ji. Ya bayyana mini cewa allurar tana da ƙarfi, takan taɓa ji, shi ya sa yake dubawa. Ita kuwa ta ɗauka wasa ne, har ta ce shi ma ya rufe ido ta gwada shi.

Ranar Litinin ake hawa sikeli. Satin farko bai motsa ba, na biyu ma haka. Na fara tunanin ko na makara, ko na tozarta tsohuwa a banza. Likita ya ce in daina kallon sikeli in kalli zanen kwanciya. Na duba, gumin ya ragu. A sati na uku, wata safiya, mai ƙosai ta wuce ta bayan taga, yarinyar ta ja gefen zanena ta ce, "Adda, ina so." Ta ci biyar ta nemi ƙari. Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan yashi, matan da ke wanki suna kallona.

Da la'asar nakan kai ta gindin wata bishiya da ke fuskantar tagar Inna, mu tsaya nesa yadda aka ce. Inna ta leƙo ta ce, "Takwara, an ba ki abinci kuwa, ko 'yar boko tana can tana Turanci?" Yarinyar ta ɗaga riga ta nuna mata ciki. Ni ba ta yi mini magana kai tsaye ba sai a wata na biyu, ranar da jiri ya fara ɗibarta. Ta sa aka kira ni ta ce in je in gaya wa Balaraben nan ƙasa tana juya mata, kuma in faɗa masa daidai, kada in rage. Ya tsayar mata da allurar ya bar ta a kan ƙwayoyi. Kunnenta ɗaya bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarta.

Ƙwayoyin shekara ɗaya da rabi suka sha su biyun, duk wata Malam yana zuwa karɓowa a babur. Sau da yawa Inna ta ce ta warke a bar ta haka, ni kuma in tsaya da moɗar ruwa a hannu har sai ta haɗiye. Ta yi shekara tara bayan nan, kuma ba tari ne ajalinta ba, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Amma in ta ji wata a unguwa tana tarin da ya daɗe, sai ta ce a tafi da matar Malam, ita ba ta ɓoye wa likita komai. Ban taɓa gane ko yabo ne ko zargi ba. A wajen biki dai an daina ba da misali da ni.

Wata biyu cif muka yi a asibitin, aka sallame su rana ɗaya. An sake gwada kakin Inna sau biyu ba a ga komai ba, likita ya ce za su iya komawa ɗaki ɗaya, a dai riƙa buɗe taga. Inna ta ji daɗin wannan fiye da sallamar. A tasha aka ba ta gaban mota saboda jirin, Malam ya tafi ɗaura kaya a sama. Ni na zauna a kan wani dutse da jaririya a baya, yarinyar tana tsaye tsakanin gwiwoyina tana cin rake, kumatunta sun fara dawowa. Mutanen Sara sun fara taruwa, 'yan kasuwa da masu dawowa daga ganin gida, duk sun san mu. Ban san lokacin da na janye hannuna daga kafaɗarta na gyara zama na kalli wani wajen ba.

Ta daina tauna raken. Ta dubi mutanen, ta dubi motar da Inna take ciki, sa'an nan ta matso da bakinta kusa da kunnena yadda ba wanda zai ji.

"Adda, in mun koma gida ma za ki riƙa yi mini magana?"